Tagar da ta Ɓace: Darasi ga Masu Aiki da Allo Biyu

Ɗalibin da ya naɗo hirar dattawa a Dakoro, ya zo Maradi domin mayar da ita rubutu, yakan ji daɗin jona allo na biyu da kwamfutarsa: tagar Praat mai nuna zanen sauti a ɗaya, tagar rubutu a ɗayan. Matsala takan taso ranar da ya cire allon ya koma Dakoro. Sai ya buɗe manhajar rubutu, alamarta ta bayyana a ƙasa, tagar kuwa ko sama ko ƙasa.

Dalili shi ne tsarin Windows yana ɗaukar allunan biyu tamkar fili guda. Yana auna matsayin kowace taga daga kusurwar sama ta hagu ta babban allo, inda lissafi yake farawa da sifili. In faɗin babban allon ɗigo 1920 ne, allon da ke damansa daga 1920 zai fara. Na hagu kuwa lambobinsa ƙasa da sifili suke. Wasu manhajoji sukan adana wannan matsayi idan an rufe su, su koma gare shi ko da allon ba ya nan.

Saboda haka rubutun yana nan lafiya, kada a yi garajen sake rubuta hirar daga farko. A danna Alt da Tab a zaɓi tagar, sannan maɓallin Windows tare da kibiyar hagu har ta dawo. Abin da ya fi sauƙi ma, kafin a zare wayar allon, a jawo kowace taga zuwa babban allo a rufe ta a can.