Darasi Na Tara: Wutar Lantarki Daga Cika Da Janyewar Teku

Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba ta yi iyaka da teku ba, don haka ba abin mamaki ba ne da harshen bai tanadi kalma guda tak ga al'amarin da wannan darasi ya ƙunsa ba. Bahaushe ya san cikowar kogi da damina, ya san ƙafewarsa da rani. Amma ruwan da zai cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, ba tare da an yi ko yayyafi ba, wannan sai mazauna gaɓar teku. A nan za a riƙa kiran sa cika da janyewar teku. Wajibi ne ɗalibi ya bambanta shi da igiyar ruwa, domin masu fassarar labarai kan cakuɗa su. Iska ce ke tayar da igiyar ruwa, shi kuwa cika da janyewa aikin wata ne da rana.

Abin Da Ke Haddasa Shi

Tun a shekarar 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa kowane jiki mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma ƙarfin jan yana raguwa gwargwadon nisa. Wasu marubuta kan kira wannan ƙarfi maganaɗisu, amma hakan kuskure ne: maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa komai yake ja, har ruwa. Wata yana jan ruwan da ke ɓangaren duniya mai fuskantarsa fiye da yadda yake jan tsakiyar duniyar, sai ruwan ya yi tozo. Yana kuma jan tsakiyar duniyar fiye da ruwan da ke can ɗaya ɓangaren, sai nan ma a sami wani tozon. Yayin da duniya ke juyawa, gaɓar teku kan ratsa tozon nan biyu. Wannan ya sa a yawancin gaɓoɓi ruwa ke cika sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25.

Ita ma rana tana ja, sai dai saboda nisanta tasirinta bai kai rabin na wata ba. Wanda ya saba da lissafin kwanan wata zai gane sauran bayanin cikin sauƙi. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, jan nasu ya haɗu, ruwa ya yi babbar cika. Idan wata ya kwana bakwai ko ashirin da biyu, jan ya saɓa, cikar ta zama ƙarama. Siffar gaɓa ma tana da nata tasirin. Inda teku ya kutsa cikin tudu ta wata mashiga mai tsukewa, ruwan kan taru ya yi sama. A mashigar Fundy ta Kanada tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita 16, alhali a gaɓar Legas ba ta wuce kimanin mita ɗaya ba.

Madatsar Rance

Amfani da wannan ƙarfi ba sabon abu ba ne. Tun ɗaruruwan shekaru mutanen gaɓar Turai ke tare ruwan cika a tafki, su sake shi idan teku ya janye, ya juya musu dutsen niƙa. Abin da ƙarni na ashirin ya ƙara shi ne sauya dutsen niƙan da janareta.

Babbar tasha ta farko ita ce ta bakin Kogin Rance, a yankin Biritani na arewa maso yammacin Faransa, wadda Shugaba Charles de Gaulle ya buɗe a watan Nuwamba na 1966. An zaɓi wurin ne saboda tazarar ruwansa, wadda matsakaicinta mita 8 ne, takan kuma haura mita 13 a babbar cika. An gina madatsa mai tsawon mita 750 ta tare bakin kogin, aka sami tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 22 a bayanta. A cikin jikin madatsar akwai farfela 24, kowace haɗe da janareta mai ƙarfin megawat 10, jimla megawat 240 ke nan.

Ga yadda aikin yake. Idan teku ya fara cika, sai a buɗe ƙofofi ruwa ya shiga tafkin. Da ya kai maƙura, sai a rufe. Daga nan sai jira, har teku ya janye ya bar ruwan tafkin a sama. Sa'annan a saki ruwan ta cikin farfelolin, su juya, janareta ta ba da wuta. An ƙera farfelolin Rance yadda za su iya juyawa ko ruwa na shiga ko yana fita, kuma za su iya zama famfo su ƙara wa tafkin ruwa. Ɗalibin da ya san madatsar Kainji zai ga kamanni, sai dai Kainji damina take jira, Rance kuwa wata take jira.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata a tsaya a kansa. Idan tazarar ruwa ta ninka biyu, makamashin da za a samu ba biyu zai ninka ba, huɗu ne, domin ruwan da aka tare ya ninka, tsayin da zai gangaro ma ya ninka. Gaɓa mai tazarar mita 8 ke nan ta fi mai mita ɗaya sau 64, idan faɗin tafkinsu ɗaya ne. Wannan ne dalilin da ya sa wuraren da suka cancanci irin wannan madatsa ba su da yawa a duniya.

Amfani Da Cikas

Tashar ba ta ƙona gawayi ko gas, kuma makamashinta ba ya ƙarewa. Babban fifikonta a kan hasken rana da iska shi ne ana iya lissafa lokacin cika da tsayinsa shekaru masu yawa kafin zuwansu. Amma sanin lokaci daban, samun wuta kullum daban. Rance tana samar da kimanin kilowat-awa miliyan 500 a shekara, wato kusan rubu'in abin da za ta bayar da a ce farfelolinta na aiki dare da rana. Haka kuma lokacin cika yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, don haka wani sa'in wutar kan zo da tsakar dare, lokacin da buƙata ta ragu.

Muhalli ma ya biya nasa kason. Lokacin ginin Rance an toshe bakin kogin na kusan shekara uku, halittun ruwa da yawa suka ɓace, aka ɗauki kimanin shekara goma kafin wurin ya farfaɗo, kuma taruwar laka a tafkin ta zama matsala mai ɗorewa. A Kanada, tashar Annapolis mai megawat 20, wadda ta fara aiki a 1984, ta tsaya a 2019 bayan lalacewar na'ura da kuma damuwa kan kifin da farfelarta ke kashewa. Sai kuma tsadar gini, wadda ta sa gwamnatin Birtaniya ta ƙi amincewa da aikin tafkin Swansea a 2018.

Labarin Sihwa a Koriya ta Kudu ya sha bamban. A 1994 aka kammala katangar teku mai tsawon fiye da kilomita 12 don samun tafkin ruwan daɗi, amma dattin masana'antu ya gurɓata shi. Da aka buɗe tashar lantarki a jikin katangar a 2011, shige da ficen ruwan teku ya taimaka wajen wanke tafkin. Ƙarfinta megawat 254 ne, da shi ta karɓe matsayi na ɗaya daga hannun Rance bayan shekara 45. Darasin da ke ciki shi ne aikin ya fi sauƙi inda aka riga aka gina katanga don wata buƙata.

Hanyar Da Ba Ta Buƙatar Madatsa

Sabuwar dabara ita ce a dasa farfela a ƙasan teku, a mashigar da ruwan cika da janyewa ke gudu da ƙarfi, tamkar farfelar iska da aka nutsar. Da yake ruwan teku ya fi iska nauyi kusan sau 800, ƙaramar farfela na iya ba da wuta mai yawa. Aikin MeyGen, a mashigar Pentland da ke arewacin Sukotland, ya fara ba da wuta a 2016, kuma matakinsa na farko farfela huɗu ne, kowace megawat 1.5. Ba a tare kogi ba, ba a hana jirgi wucewa ba. Wahalar ita ce gishiri na cin ƙarfe, kuma gyaran inji a ƙarƙashin ruwa mai gudu sai da jirgi na musamman da lokacin da teku ya lafa.

Aikin Yi

1. Bambanta igiyar ruwa da cika da janyewar teku a cikin jimla uku.
2. Madatsa biyu suna da tafki mai faɗi ɗaya. Tazarar ruwan ta farko mita 3 ce, ta biyu mita 9. Sau nawa ta biyu ta fi ta farko makamashi?
3. Kawo wata kalma ko jimla ta Hausa da kake ganin ta fi "cika da janyewar teku" dacewa, tare da hujjarka.