Gyaran Tsohon Jirgin Faiba

Manoman ƙasar Horo Birni da sauran ƙauyukan Shagari da Bodinga da yawansu ba su rabuwa da jirgin ruwa. Da shi ake fito zuwa fadama, da shi ake ɗauko albasa da shinkafa da itace. To, amma jirgi in ya tsufa aka ƙyale shi, kabari ne. A watan Afrilu na 2022 jirgi ya kife a Gidan Magana ta ƙasar Shagari, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara. A watan Mayu na 2023 kuma aka sake yin irin wannan hasara a Dandeji. Lodi fiye da kima da rashin gyara su ne manyan abubuwan da ke jawo irin wannan.

Bayan jiragen katako na gado, yanzu akwai na faiba, waɗanda wasu ke kira jirgin roba. Ba roba ba ce. Zaren gilas ne ake saƙawa kamar tabarma, a jiƙa shi da wani ƙaro, ya daskare ya yi tauri. Gara ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, amma rana tana cin bayansa, dutse kuma yana tsaga shi. Sau da yawa a kan ga irinsa an yar a bakin gulbi, alhali kuwa aikin 'yan kwanaki zai tashe shi.

Lokacin gyara shi ne rani, bayan an kau da amfanin gona. A ja jirgin tudu, a wanke shi da sabulu, a kife shi bisa itatuwa a inuwa har mako 2 ko fiye, don ƙaro ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Sa'an nan mai jirgi ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi jikinsa yana ƙwanƙwasawa a hankali. Wuri mai lafiya ya kan yi ƙara tsaf. Inda ya ji amo kamar na fasasshiyar ƙwarya, nan faiba ta saki, sai ya zagaye wurin da gawayi. Ya kuma soka tsinin wuƙa a katakon bayan jirgi inda a ke ɗaura inji, da na kujeru. In wuƙa ta shige ba wuya, katakon ya ruɓe, lalle a sake shi.

Kayan aiki su ne ƙyallen faiba, da ƙaronsa, da maganin da ke daskarar da shi, da sanfefa mai kaushi, da buroshi, da ruwan asiton. Kada a liƙe jirgin faiba da kwalta kamar na katako. Kwalta ba ta riƙe shi, kuma ta kan ɓata wurin har ƙaro ya ƙi kamawa daga baya.

Da fari a kankare duk abin da ya lalace har a tad da mai lafiya. Sa'an nan a goge bakin ramin ya yi gangare, faɗin gangaren ya ninka kaurin jirgin sau 12. Watau in kaurin kwatan inci ne, sai gangaren ya kai inci 3 ta kowane gefe. Nan ne yawancin masu gyara ke yin ƙwauro, shi ya sa facinsu ke ɓamɓarewa da damina. A share ƙurar da asiton, ban da kananzir ko fetur, don su kan bar maiƙo. In ramin ya ɓulle, a tokare bayansa da kwali wanda aka rufe da leda.

A yanka ƙyalle falle-falle, na fari ya rufe gangaren duka, kowane na bayansa ya gaza shi kaɗan. Sai an gama yankan za a haɗa ƙaro. Ma'auninsa kashi 1 zuwa 2 cikin 100, watau lita guda ta ƙaro cokalin shayi 2 zuwa 4 na magani. Da zafi 2 sun isa, da sanyin hunturu a ƙara. A riƙa haɗa kaɗan kaɗan, kamar cikin gwangwanin madara, gama da zafin Sakkwato ba ya wuce minti 15 bai fara kamewa ba. A shafa ƙaro, a ɗora falle, a daddanna da buroshi har farin ƙyallen ya ɓace. Inda fari ya rage, iska ce ko ƙarancin ƙaro, kuma ta nan ruwa zai samu ƙofa. Haka za a yi ta yi har facin ya yi daidai da jikin jirgi. Bayan ya kwana ya bushe, a goge, a shafa fenti don kare shi daga rana.

Maganin nan yana makantar da mutum in ya faɗa ido, saboda haka a sa tabarau da safar hannu, a rufe hanci lokacin guga, a nisanta da wuta da yara.

Akwai wani abu da ya wajaba kowa ya sani. Jirgin katako in ya cika da ruwa ya kan yi ta yawo a sama, mutane su kama shi. Faiba kuwa ta fi ruwa nauyi, in ba iska a cikin akwatunan da aka rufe a gaba da baya, nutsewa za ta yi kamar dutse. Sai a duba akwatunan nan, a toshe hudarsu. In babu su, a ɗaure jarkoki wofi masu murfi gam a ƙarƙashin kujeru. Jarka mai lita 25 tana tallafar nauyin da ya kusa kilo 25 cikin ruwa.

Kafin a ɗauki mutum, a gwada jirgin a bakin gaɓa da buhunan yashi yini guda, gaban Sarkin Ruwa. A ja layi da jan fenti inda ruwa ya tsaya da lodin da ya dace. Ran da ruwa ya rufe layin nan, sai a rage kaya a yi sawu biyu, kowa kuma ya sa rigar ruwa kafin jirgi ya tashi.