Amsar Tambaya: Gyaran Sabon Gida da Kuɗi Kaɗan

Gyaran gidan da za a tare a cikinsa, idan aljihu bai yi nauyi ba, yana farawa ne da abin da ido ba ya gani: rufi, wayar wuta da bututun ruwa. Yoyon da aka bari a rufi zai ɓata silin da fenti a damina ɗaya, waya mai rauni kuma tana iya jawo gobara. Nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba ko kaɗan. A nemi ƙwararre ya duba, a fasa bangon da za a fasa tun kafin a yi shafe.

Sai ƙasa. Tayil na da tsada, don haka a sa shi a banɗaki da kicin kawai, sauran ɗakuna daɓen siminti da leda sun isa har a samu hali.

Fenti ne na ƙarshe. Na ruwa ya fi na mai araha, bokitin lita 20 kuma ya fi ƙananan galan riba. Ba a shafa shi a ɗanyen bango, don zai ɓare.

Mai gyara ya sayo kaya da kansa, a kasuwa irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ya yi jinga da ma'aikata, ya biya su kashi-kashi. Idan gidan haya ne, a rubuta yarjejeniya da mai gida gaban shaidu kan abin da za a cire daga kuɗin haya.