Amsoshin Tambayoyinku: Amsa-kuwwa Mai Ƙura

Aminu daga Zariya ya rubuto mana yana cewa: "Na ga Turawa masu haɗa sauti da akwatuna da wayoyi suna neman na'urar amsa-kuwwa mai ƙara da gangan. Me ya sa?"

To, Malam Aminu, mun gode. Akwatunan nan ƙananan na'urori ne da ake jerawa, a haɗa su da waya yadda aka ga dama. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne Eurorack, na kamfanin Doepfer a Jamus.

Na'urar amsa-kuwwa tana riƙe sauti, ta sake shi bayan ɗan jinkiri. Akwai tsohuwar dabara da kamfanin Philips ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960. Ka ga yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu da hannu in gobara ta tashi? Haka sautin yake tafiya, kuma kowane hannu sai ya zubar da kaɗan. Akwai kuma ɗan guntun lantarki mai araha, PT2399, wanda aka yi a Taiwan don na'urorin waƙar karaoke.

In jinkirin gajere ne, sauti ya fito tas. Ka murɗa maɓallin ka tsawaita jinkirin, sai ya dushe, ƙura ta shiga, har ka ji ƙara kamar ana suyar ƙosai. Wannan ƙurar masu haɗa sautin suke so, domin tana ba sauti jiki. Ni ma kunnena ya fi sonta.

Sai dai in za ka mayar da amsa-kuwwar cikin na'urar ta riƙa maimaita kanta, rage murya tukuna, don nan take tana iya kurma ihu.