Gyaran Tsohon Gida: A Yi Hattara da Ƙurar Asbestos

Idan kaka ta yi, aka sayar da masara da dawa, magidanta a Turawa da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo sukan juya ga gyaran gida kafin damina ta kewayo. Wani ya sauke tsohon silin ya sa sabo. Wani kuma ya tafi Kano ya sayo tsofaffin kayan gini da bututun ƙarfe waɗanda aka ciro daga gidan da aka rushe, don sun fi araha. A cikin irin waɗannan kaya akwai wani abu wanda ya kamata kowane magidanci da kowane kafinta ya san halinsa, watau asbestos.

Asbestos wani irin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa. In an farfasa shi sai ya warware ya zama siraran zaruruwa. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, gara kuma ba ta taɓa shi. Saboda haka aka riƙa cuɗa shi da siminti ana yin silin, da fallayen rufi, da manyan bututun ruwa. An kafa masana'antar irin waɗannan kaya a Ikeja a 1959, da Inugu a 1961, daga baya aka yi wasu a Safele da Kano da Bauchi. Ta haka ya shiga makarantu, da asibitoci, da gidajen ma'aikata, har da ɗakunan masu hali na ƙauye.

Inda haɗarin yake

Muddin allon silin yana nan lafiya lau, ba a taɓa shi ba, zaruruwan suna ɗaure cikin siminti, cutarwarsa kaɗan ce ƙwarai. Haka tsohon bututun ruwa da ke binne a ƙasa. Amma da zarar an sa masa zarto, ko guduma, ko aka huda shi, sai ƙura ta tashi wadda ido ba ya ganin mafi yawanta. Ba ta da wari, ba ta sa atishawa, tana kuwa iya daɗewa tana yawo cikin iskar ɗaki. Wadda aka shaƙa ta kai can cikin huhu, jiki ba ya iya narkar da ita.

Mafi muni shi ne abin da akan naɗe bututun ruwan zafi da shi a tsofaffin masana'antu da asibitoci da gidajen Turawan mulki. Yakan yi kama da farar ƙasa, ko busasshen kwali mai toka-toka, wani lokaci da ƙyalle a bayansa. Shi wannan ba a ɗaure yake da siminti sosai ba, yatsa ma yana marmashe shi. Wanda ya sayo tsohon bututu ya ga irin wannan naɗi a jikinsa, kada ya kankare shi da wuƙa don ƙarfen ya fito fes. Arahar da ya samu ba ta kai ba. Gara ya bar bututun tun a wurin mai sayarwa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne cutar ba ta gaggawa. Sai a yi shekara 20, ko 30, ko 40 kafin ta bayyana. Kafinta ya ce ai shi ya daɗe yana yankan silin bai ga kome ba. Gaskiya ya faɗa, amma lokacin ne bai yi ba. Tana zuwa iri uku: huhu ya taurare mutum ya riƙa haki, ko sankarar huhu, ko wata sankara da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu. A 1955 Richard Doll ya nuna yawan sankarar huhu ga ma'aikatan asbestos a Ingila. A 1960 kuma likita J. C. Wagner da abokan aikinsa suka bayyana mutum 33 masu sankarar tantani a Afirka ta Kudu, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa aikin haƙar ba, zama kurum suka yi kusa da wurin. Ingila ta hana amfani da shi ɗungum a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Mai shan taba kuwa, haɗarin sankarar huhu a gare shi ninki ne.

Yadda za a yi

Ba kowane silin ke da asbestos ba. Na roba da na katako ba su da shi, wasu masana'antu ma sun daina sa shi. Amma ido ba ya rarrabewa, sai an auna a ɗakin bincike. Don haka duk tsohon allon siminti a ɗauka yana da shi. In bai fashe ba, a bar shi, a shafa masa fenti ba tare da an goge shi da sanfefa ba.

In kuwa sauke shi ya zama tilas, a fitar da mata da yara da kayan ɗaki tukuna. A jiƙa allon da ruwa mai ɗan sabulu, a zare ƙusoshi, a sauko da shi ɗungurungum, kada a jefo shi ƙasa. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan ƙura. Sai takunkumi na musamman mai matata, wanda ya kama fuska sosai. Kada a yi shara da busasshiyar tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a haɗa tsumman da tarkacen cikin leda mai kauri riɓi biyu, a ɗaure. Rigar aiki kada a kakkaɓe ta a tsakar gida, kada kuma a miƙa wa uwargida ta wanke, gama an sha samun matan ma'aikata da suka kamu ta wannan hanya. Wuta ba ta cinsa, saboda haka ƙonawa ba magani ba ce. Kada a cike rami a hanya da gutsattsarin, ko a bar yara suna zane da su kamar alli. A nemi duba-gari na Ƙaramar Hukuma ya nuna inda za a binne, wurin da ba za a sake tonawa ba.

Tsohon kafinta ko magini wanda haki ko tari ya ƙi sakinsa ya je asibiti, ya gaya wa likita aikin da ya yi da yawan shekarunsa a ciki. Wannan bayani yana da amfani, domin alamun suna kama da na tarin fuka, kuma in ba a faɗa ba likita ba zai san ya duba ta wannan gefe ba.