Kimiyya a Kan Rufin Mota: Yadda Ake Zaɓen Kariyar Ɗaukar Kayan Zamiya a Ƙasashen Sanyi

Gabatarwa

A ƙasashe irin su Nowe da Suwidin da Ostiriya da Kanada, da zarar hunturu ya kankama, mutane kan ɗunguma zuwa duwatsu domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Kayan wasan iri biyu ne. Akwai falankai biyu sirara da ake ɗaurawa ɗaya a kowace ƙafa, waɗanda Turawa ke kira siki. Tsawon na babban mutum yakan kai santimita 150 zuwa 190. Akwai kuma allo guda mai faɗi wanda ake taka shi da ƙafa biyu, wanda aka shigar da shi gasar Olamfik ta hunturu a birnin Nagano na Japan a 1998. Da yake waɗannan kaya sun fi but ɗin yawancin motoci tsawo, sai a ɗora su a waje, a kan ƙarfen ɗaukar kaya, wato kariya. Kamfanin Thule, wanda aka kafa a Suwidin a 1942, yana cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera ta. Zaɓen kariya ƙaramin abu ne a ido, amma yana tattare da darussan kimiyya da ke cikin manhajar sakandare, kuma kuskure a cikinsa yana iya cin rai.

Ire-iren kariya

Iri huɗu aka fi sani. Na farko mai matsewa: ana ɗaura shi a kan sanduna biyu da aka gitta a rufin mota, yana buɗe baki ya danne kayan da leɓɓan roba. Ƙaraminsa yakan ɗauki falankai na mutum huɗu ko alluna biyu, babba kuwa na mutum shida ko alluna huɗu. Na biyu akwatin rufi, wanda ke rufe kayan ruf. Na uku wanda ake maƙalawa a ƙugiyar jan tirela a bayan mota. Na huɗu mai maganaɗisu, wanda ba ya buƙatar sanduna, sai dai ba ya kama rufin alminiyam ko na gilashi, domin maganaɗisu ba ya jan su.

Nauyi da tsayuwar mota

Abu na farko da mai saye ya kamata ya duba shi ne littafin da ya zo da motarsa. A ciki masana'anta ta rubuta iyakar nauyin da rufi zai ɗauka, wanda a ƙananan motoci yakan faɗa tsakanin kilo 50 zuwa 100. Wannan adadi ya haɗa da nauyin kariyar kanta. Misali, idan iyakar kilo 75 ce, sanduna suka ci kilo 5, akwati ya ci 18, to abin da ya rage wa kaya kilo 52 ne kacal.

Dalilin wannan iyaka ya wuce tsoron lotsewar rufi. Kowane abu yana da cibiyar nauyi, kuma duk lokacin da cibiyar ta yi sama, kifewa takan zo da sauƙi. Shi ya sa kunkuru, mai gajerun ƙafafu a ware, ke da wuyar ture wa. Wanda ya taɓa ganin motar kasuwa da aka jibga wa buhuna a sama tana tangaɗi a kwana ya ga wannan doka da idonsa. A kan hanya mai santsin ƙanƙara haɗarin ya fi haka.

Sai kuma ƙarfin ɗauri. Dokar Newton ta farko, wadda ya wallafa a 1687, ta nuna cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai wani ƙarfi ya tare shi. Idan mota na gudun kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a daƙiƙa, ta yi karo, kayan da suka kuɓuce za su wuce gaba da wannan gudun. Bugun da za su yi daidai yake da na abin da ya faɗo daga tsawon mita 39, kimanin bene mai hawa goma sha biyu. Ga shi kuwa gefen falankin ƙarfe ne mai kaifi.

Turjiyar iska

Iska tana ture duk abin da ke ratsa ta, kuma ƙarfin turin yana ƙaruwa da ninkin gudu a kansa. Idan aka ruɓanya gudu daga kilomita 60 zuwa 120 a awa, turin zai ninka sau huɗu, ƙarfin da injin ke buƙata domin cin galabarsa kuwa sau takwas. Bisa ƙiyasin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, babban akwatin rufi mai dakusasshen goshi yana iya rage nisan da mota ke yi da litar mai da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a manyan hanyoyi, alhali wanda aka maƙala a baya bai wuce kashi 5 ba, domin yana ɓoye a bayan jikin motar.

A nan masu ƙira sun yi koyi da halittu. Jikin kifi da na tsuntsu mai kauri ne a gaba, ya tsuke a baya, saboda haka ruwa ko iska ke bin sa salin-alin. Sandar kariya mai zagaye kuwa takan bar guguwa ƙanana a bayanta, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ke haddasa fito mai damun kunne. Masanin kimiyya Vincenc Strouhal ya yi nazarin irin wannan sauti a jikin waya tun 1878. Don haka sanda mai siffar fiffike ta fi shiru. Haka kuma ana juya lanƙwasasshen bakin falankin ya dubi baya, don kada iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Idan hunturu ya wuce, a sauke kariyar, domin ko babu kaya a kanta tana shan mai.

Sanyi da gishiri

Sanyi yana sandarar da roba, ta daina komawa siffarta idan an danna ta. Wannan ne ya jawo fashewar kumbon Challenger na Amurka a 1986, inda mutum bakwai suka rasu, bayan da zoben roba ya kasa toshe wata gaɓa a safiya mai tsananin sanyi. Leɓɓan kariya dole su kasance na robar da ba ta taurara a ƙasa da ma'aunin daskarewa, in ba haka ba riƙonsu zai yi sako-sako.

Jikin ɗan'adam ma yana da tasa matsalar. Idan sanyi ya tsananta, jijiyoyin jini na fata sukan tsuke domin a tanadi zafi ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Jini ya ragu a yatsu, saƙon jijiya ya yi jinkiri, yatsu su yi nauyi. Da zarar ɗumin fatar yatsa ya sauko kusa da digiri 15, aikin hannu mai buƙatar ƙwarewa yakan fara gagara. Saboda haka kariya mai kyau tana da babban maɓalli wanda za a iya dannawa da safar hannu mai kauri, tana kuma yin ƙara idan ta kulle, don kada mai ita ya zaci ta rufu alhali ba ta rufu ba.

Hukumomin waɗannan ƙasashe kan barbaɗa gishiri a hanya domin ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishiri yana gaggauta tsatsa, kuma yana fantsama a kan kayan da ke fili. Mai doguwar tafiya akwati ya fi masa. Wanda ke kusa da dutse kuwa, mai matsewa ya ishe shi, in dai zai goge kayan ya shanya su.

Kammalawa

Kafin a sayi kariya, tambayoyi huɗu ake yi: nawa rufi zai ɗauka, wane irin rufi ne, yaya nisan tafiyar yake, kuma za a iya kulle ta da daskararren hannu? Malamai na iya gwada darasi na ƙarshe a aji. A sa ɗalibi ya tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara na daƙiƙa talatin, sannan ya gwada ɓalle maɓallin riga. A auna lokacin da ya ɗauka, a kwatanta da na kafin tsomawa, ɗalibai su bayyana dalilin bambancin.