Kafin a Sauke Windows a Ɗora Linux: Ina CorelDRAW?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake ba wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 da firosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Da yawa daga cikin laftof ɗin hannu da ake sarowa daga Kano 'yan zubi na 4 ne zuwa na 6. Shi ya sa yanzu ake yawan ba matasa shawarar su ɗora Linux Mint ko Ubuntu: kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta takan ƙara sauri.

Shawarar tana da kyau, amma akwai inda take gurgunta mutum. A ɗauki matashi a Darki da ya saba haɗa katin biki da fosta a waya da Canva ko PixelLab, ya yi adashi ya sayi laftof don ya mayar da abin sana'a. Ranar da ya kai aiki wurin masu buga takardu a Wudil ko cikin Kano, mai yiwuwa abin da za a fara tambayarsa shi ne fayil ɗin Corel. CorelDRAW kuwa babu shi a Linux. Haka Photoshop da Illustrator da AutoCAD da Microsoft Office na kan kwamfuta. Ɗalibin zanen gine-gine a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil zai ci karo da irin wannan bangon.

Abin mamaki, Corel ya taɓa gwadawa. A 1999 ya fitar da tasa babbar manhajar mai suna Corel Linux, a 2000 ya kawo CorelDRAW 9 na Linux, sannan a 2001 ya sayar da sashen ga kamfanin Xandros ya koma harkarsa. Dalilin ba boyayye ba ne, lissafin kasuwa ne. Masu Linux a kwamfutocin gida da ofis ba su wuce kusan huɗu cikin ɗari ba a ƙididdigar StatCounter ta 2024, kuma sun rarrabu gida-gida, wannan Ubuntu, wancan Fedora. Kamfani ba zai biya injiniyoyi don 'yan kwastomomi kaɗan ba, ƙwararru kuma ba za su koma inda babu kayan aikinsu ba. Kowa na jiran kowa.

Akwai madadi, sai dai kowanne da iyakarsa. Inkscape yana zane irin na Corel, yana ma buɗe wasu fayilolin cdr, amma rubutu da launi kan jirkice, kuma ba ya ajiye aiki a cdr. Babbar matsalar ita ce launi. Fuskar kwamfuta tana aiki da RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. Zanen da bai bi ta CMYK ba, shuɗin da ya yi ɗau a fuska sai ya fito a dushe a takarda, kuma mai biki ba zai saurari bayani ba. Mafita ita ce a ƙarasa aikin a Scribus, wanda ya iya CMYK, a fitar da PDF bayan an mayar da haruffa zane, musamman masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ da ba kowane salon rubutu ke da su ba.

Mai bidiyo ma ya lura. DaVinci Resolve yana da na Linux, amma na kyautar ba ya karanta H.264, tsarin da yawancin wayoyi ke ɗaukar bidiyo da shi, sai an fara juya fayil ɗin. Kdenlive ya fi sauƙi a nan. LibreOffice ya wadatar wajen buga takardar makaranta, ko da yake shafi kan ɗan goce idan aka buɗe a Word. Mai koyon rubuta manhaja kuwa babu abin da zai rasa: Python da Git da VS Code da Android Studio duk suna nan, wani lokaci ma sun fi daɗin aiki.

Ana yawan ambaton Wine, wadda ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux. Tsofaffi kan tashi, sababbin Corel da Adobe kuwa ba abin da za a jingina abincin gida a kai ba ne.

Wanda ke son gwadawa ba sai ya goge komai ba. Ya samo filasha mai gigabayit 8, ya ɗora mata Linux Mint, ya kunna kwamfutar daga filashar, ya haɗa kati ɗaya ya kai wa mai buga masa aiki a PDF. In an karɓa kuma launi ya fito daidai, hanya ta buɗe. In an dage sai cdr, sai ya raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu: Linux don shiga intanet, Windows don Corel kaɗai, ba tare da haɗa ta da data ba.